Ƙofar da Take Jin Zuwan Hadari

Samarin yanzu in sun wuce ta gaban rumfata a Gumel suka gan ni riƙe da ƙwan fitila guda da 'yar waya, murmushi suke yi. A ganinsu aikin rewaya, wato gyaran wutar mota, ba wani abu ba ne. Ka jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta rubuto maka abin da ya lalace, ka cire ka sa sabo, ka wanke hannunka. Ba na musu da su, don na'urar ba ta ƙarya. Abin da mota ta gaya mata shi take faɗa. Sai dai mota ma ana ruɗa ta, kuma ranar da aka ruɗa ta za ta rantse maka a kan abin da bai faru ba. A ranar ake sanin wanda ya iya aikin. Ku gyara zama in ba ku labarin wata ƙofa.

A Maigatari na koyi sana'ar nan, wajen wani mutumin Damagaram da ake kira Malam Isuhu. Shi wutar mota kuran yake ce mata. Da na je bai bar ni na taɓa mota ba. Wani tsohon dami na wayoyi da aka zare daga babbar mota ya jefo min, ya ce in rufe ido in bi kowace waya da yatsa daga farkonta har ƙarshenta. Yakan ce kuran matafiyi ne, daga batir yake fita, ya yi aikin da aka aike shi, ya komo gida ta jikin mota. In an ga matsala, ko dai an tare masa hanya, ko kuwa ya sami wata ɓarauniyar hanya da ba a yi masa ba. Shi ya koya min cewa hanci da harshe ma kayan aiki ne. Wayar da ta ƙone warinta daban, wadda ɓera ya ci daban, wadda ruwan batir ya taɓa daban. Da zai koma garinsu ya bar min filayarsa da wata sukundireba mai ƙotar itace da wannan ƙwan gwaji da kuke wa dariya. A ƙarƙashinsu a cikin akwati ba a rasa ɗan littafin soyayya da nake saye ranar kasuwa, ina karantawa kafin mota ta zo. Malam Isuhu ya yi faɗa a kai har ya gaji.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce ta fi kowace ba mu wuya. Kasuwar Alhamis ta Maigatari, wadda a da ba ka samun wurin ajiye ƙafa, ta koma kamar makabarta. Manyan motoci suka tsaya a layi har tayoyinsu suka nutse a yashi, ɓeraye suka yi gida a cikin injinansu. Abokan aikinmu wasu suka koma gona, wasu suka hau acaɓa. Ni kuwa na koma gyaran tocila da fanka da fitilun sola na matan unguwa. Da damina ta tsaya sai in wuni a rumfa ba wanda ya yi min sallama sai mai shayin da ke gefena.

A cikin wannan damina aka kawo min jar motar. Tana cikin na ƙarshe da suka ƙetaro kafin a rufe. Ƙofa biyu ce da ita, gajeruwa, hancinta kamar zai sumbaci ƙasa, gilasanta baƙi wuluk ba ka ganin na ciki. Ban taɓa ganin mota mai kama da amarya a lulluɓe irinta ba. Mai ita wani saurayi ne, Nasiru, mai sayen riɗi da zoɓo a ƙauyuka yana haɗawa manyan 'yan kasuwa. Yaro ne mai fara'a, amma ran nan da ya fito daga motar idonsa ya faɗa kamar wanda ya tashi daga ciwo.

Ya ce, "Baba Sale, ƙofar nan za ta raba ni da aure."

Na ce, "Wacce daga ciki?"

Ya nuna ta gefen mai zaman banza, wato wadda ba ta direba ba. Ya ƙi matsawa kusa da ita.

Kafin in ci gaba sai kun san yadda ƙofar irin wannan mota take. Gilashinta ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi ta sama. Saboda haka in ka ja hannun ƙofa, gilashin yakan sauka da kansa kamar faɗin yatsa don ya saki roba, in ka rufe ya koma ya matse. A cikin makullin ƙofar akwai ɗan makunni da ke gaya wa motar an buɗe ko an rufe. Da maganarsa gilashi ke motsi, fitilar ciki ke kamawa, makulli ke datsewa.

Nasiru ya ba ni labari. Yana neman wata yarinya a Gagarawa, Sa'adatu. Sau ɗaya na gan ta daga baya, doguwa ce, wankan tarwaɗa, mai magana a hankali kamar tana tsoron ta tashi wani daga barci. Bayan La'asar yake zuwa zance, ya tsaya a ƙofar gidansu, ta fito ta zauna a wannan kujera. Wata rana suna cikin hira sai gilashin gefenta ya sauka kaɗan, fitila ta kama, kamar wani ya ja hannun ƙofar daga waje. Ba kowa a waje. Suka yi dariya. Wani zuwan kuma makulli ya datse ya buɗe, ya datse ya buɗe. Ba su yi dariya ba. Zuwan ƙarshe iska ta ɗaga gefen mayafinta, gilashin ya sauka ya komo ya cafke shi, makulli ya datse. Ta ja hannun ƙofa ya ƙi. Ihunta ne ya fito da matan gidan. Ta kwanta zazzaɓi tana cewa wani hannu ne ya riƙe mata mayafi.

Ya kai motar Kano aka jona mata na'ura. Ya ce, "Baba, na'urar cewa ta yi ana buɗe ƙofar ana rufewa. Mai na'urar ya dube ni, na dube shi, ga ƙofa a rufe a gabanmu." Suka canza maɓallin gilashi, ya dawo, abin bai fasa ba.

Da farko maganar da ta zaga Gagarawa ita ce wata Baturiya ta mutu a kan kujerar can ƙasarsu, ba ta son a zauna mata. Da maganar ta tsaya nan da sauƙi, sai a sayar da mota a huta. Amma ta juya ta faɗa kan mahaifiyar Nasiru, wadda ke zaune a Sule Tankarkar. Tun da aka fara maganar auren ba wanda ya ji ta ambaci yarinyar. Da 'yan'uwan Sa'adatu mata suka je gaishe ta, ruwa ta ba su, ta tambaye su damina da gero, ta tashi ta bar musu ɗakin. Nasiru ɗan fari ne. A da kowa ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta shiga sabgarsa a gaban mutane, balle ta nuna murna da aurensa. Amma in tsoro ya shiga gida, abin da aka sani ma mantawa ake yi. Aka ce ba ta son yarinyar, ta yi wa kujerar asiri. Mahaifin Sa'adatu ya ce za a mayar da kayan gaisuwa in ba a gane kan abin ba, ya danƙa maganar a hannun ƙanensa, Baffa Lawan, wanda shi ne waliyyinta. Baffa Lawan kuwa ya kafa sharaɗi: kada a kwance cikin ƙofar sai yana tsaye, don kada a zare abin da aka sa a ce ba a ga komai ba.

Na karɓi motar, na fara daga inda ake farawa. Tsakanin ƙofa da jikin mota akwai wata roba kamar maƙogwaro, ta cikinta wayoyi ke wucewa. Buɗewa da rufewa na lanƙwasa su har su karye a cikin rigarsu, kuma mafi yawan ƙofofin da suka yi hauka a hannuna nan ciwonsu yake. Na zame robar na bi kowace waya da yatsa, na ja, na murɗa. Lafiya lau. Na duba fis. Na duba wayar da ke mayar da wuta jikin mota, na kankare mazauninta na ɗaure. Na buga ƙofar da tafin hannu, na girgiza motar. Ko gezau. Ga shi ruwa ya ɗauke a kwanakin nan, rana na dukan rumfa, motar na zaune shiru kamar ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba. Har na fara tunanin ko yaran nan tsoro ne ya nuna musu abin da babu.

Sai wata yamma hadari ya taso daga gabas. Masu rumfuna suka tattara kaya suka gudu gida, mai shayi ya rufe tebur ya tafi masallaci. Na rage ni kaɗai ina naɗe wayoyi, na ba motar baya. Kun san wannan shirun da ake yi kafin iska ta iso, wanda tsuntsaye ke ɗauke kuka, ganyen darbejiya ya tsaya cak, gari ya yi wani irin rawaya-rawaya. A cikinsa na ji ƙas a bayana.

Na juya. Gilashin ya sauka faɗin yatsa. Fitilar ciki na ci, tana haska kujerar da ba kowa a kai. Makullin motar na cikin aljihuna. Ina tsaye gilashin ya koma sama a hankali, ya sake saukowa, kamar wanda ke ciki yana so ya yi min magana yana fasawa. Ta wannan 'yar kafa ƙamshin turaren mace ya fito ya same ni. Na san na Sa'adatu ne da ya kama kujera, na kuma san sanyin iska ne ya taso da shi, amma sanin bai hana gashin jikina miƙewa ba. Makulli ya datse. Ya buɗe. Ya datse. Na karanta abin da ya zo bakina, na zaga ta nesa, na buɗe wurin batir na zare kansa. Fitilar ta mutu. Gilashin ya tsaya inda yake, a buɗe kaɗan, har ruwa ya sauko.

Wannan shi ne abu na farko da na riƙe. Duk abin da zare kan batir ke kashewa aikina ne, ba na malamai ba. Na biyu kuma na kira Nasiru na ce ya tuna min yadda sama take a duk ranar da abin ya faru. Ya ce ranar farko ruwa ya kama shi a hanyar komowa. Ranar mayafi ma iskar hadari ce ta ɗaga shi. Na ce ya ɗauko Baffa Lawan.

Baffa Lawan dattijo ne siriri mai farin gemu, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, ba ya ɗaga murya. Ya zo da carbi a hannu, ya ƙi kujerar da na ba shi. Na kwance kusoshin, na ɓamɓare marfin cikin ƙofar, na yaye ledar da ke bayansa, na haska tocila.

Daga bakin gilashi har ƙasa wasu baƙaƙen layuka ne suka gangaro a jikin ƙarfe, kamar hawayen macen da ta sha kwalli. Sabo a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa. A gindin ƙofar, inda ramukan fitar ruwa suke, yashi ya toshe su, baƙin abin ya taru ya bushe ya yi ɓawo. Soket ɗin da ke shiga makulli kuwa ya lulluɓe shi gaba ɗaya, ba ka gane kalar wayoyin.

Baffa Lawan ya ja da baya yana salati. Ya dubi Nasiru ya ce, "Yaro, ka gani da idonka." Nasiru ya dafa ginshiƙin rumfa.

Na sa farce na kankaro kaɗan. Ba mai ba ne, ba giris ba ne, ba ƙunar waya ba ce. Na kai hanci na ji hayaƙi-hayaƙi. Na ɗora a harshe.

Baffa Lawan ya ce, "Malam Sale, kana da iyali fa."

Ɗanɗanon ya mayar da ni shekarun da ban san adadinsu ba, gaban malaminmu na allo, ranar da aka wanke min allo a ƙwarya aka ce in shanye. Ɗacin gawayi da danƙon ƙaro. Na ce, "Alhaji, tawada ce. Rubutu ake zubawa a bakin gilashin nan."

Na yi musu bayani yadda zan yi muku. Da gawayi da ƙaro ake dafa tawada. Gawayi na ɗaukar wuta. In rana ta buɗe, ƙaron ya bushe ya ƙame, ba abin da ke wucewa. Da iska ta ɗauko laimar hadari sai ƙaron ya yi taushi, wuta ta sami ɓarauniyar hanya tsakanin haƙoran soket, motar ta ji kamar makunni ne ke ce mata an buɗe ƙofa. Don su gani na mayar da kan batir, na aro butar mai shayi tana tafasa, na kara bakinta kusa da soket ɗin tururi na dukansa. Muka tsaya. Can sai ƙas, gilashi ya sauka, fitila ta kama. Mai shayi ya bar min butarsa ya koma bayan teburinsa.

Na zaci magana ta ƙare. Baffa Lawan ya daɗe yana kallon baƙaƙen layukan, sannan ya ce, "Na yarda ba Baturiya. Amma tsoro ka ƙara min. Rubutu ba ya zuba kansa. Kuma akwai na tsari, akwai na raba tsakani. Wanne ne wannan?"

Na ce, "Alhaji, harshena ɗanɗano ya iya, bai iya karatu ba."

Ya juya ga Nasiru. "Ina kake barin motar nan ba ka kusa da ita?"

Nasiru ya sunkuyar da kai. A Gumel a cikin gareji take kwana a kulle. A kasuwa yana ganin ta. Wuri ɗaya ne kawai. Duk Juma'a bayan an sauko yakan je Sule Tankarkar gaida mahaifiyarsa, ya ajiye motar a bayan gida ƙarƙashin bishiya don kada yara su taɓa, ya shiga ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa. Da ƙyar maganar ta fito daga bakinsa, don ya san da ita yake ɗaure uwarsa.

Baffa Lawan ya ce, "To ka gyara ƙofarka, Malam Sale. Juma'a za mu je tare. Ni zan zauna a kujerar 'yata. Kai kuma yaro, ba za ka ce kana da baƙi ba."

Wankin ƙofar nan bai yi kama da kowane wanki da na taɓa yi ba. Ko na mene ne, ayoyi ne aka wanke, ba a goge su da tsumman gareji a jefa kwata. Na sayo sabon ƙyalle da sabuwar roba, na yi alwala, na wanke ƙarfen a hankali ina tarar ruwan, na kai shi gindin bishiya inda ƙafa ba ta takawa na zuba. Soket ɗin na kwance shi haƙori-haƙori, na goge, na shanya a rana, na shafa masa giris, na yanko tsohon tib ɗin taya na yi masa hula. Na zure ramukan gindin ƙofa da waya yashi ya zube. Na sake kara tururi har buta ta huce. Shiru.

Ranar Juma'a muka bi Nasiru a wata motar haya, muka yi salla a garin. Da ya ajiye jar motar a inda ya saba, bai kulle ta ba, ya shiga gida, muka zagaya muka shige cikinta. Ni a mazaunin direba, na bar gilashina a buɗe kaɗan don mu sha iska, Baffa Lawan a kujerar Sa'adatu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa gemunsa. Bayan gidan gonar gero ce ta yi kai, ba kowa. Hadari ya fara haɗowa, hasken ya canza, gero ya daina kaɗawa. Ta cikin baƙin gilashi duniya ta yi kamar ana kallon ta daga ƙarƙashin ruwa. Carbin Baffa Lawan kaɗai ke motsi.

Sai wata ƙaramar ƙofar langa-langa ta buɗe a jikin katanga. Tsohuwa ta fito, 'yar ƙanƙanuwa, lulluɓe da baƙin zane har goshi, tana riƙe da 'yar ƙwarya da hannu biyu. Ta duba hagu ta duba dama. Tafiyarta ta mai raunin gani ce, tana lalubar ƙasa da ƙafa. Ba ta nufi gefena ba. Kai tsaye ta zagaya gefen Baffa Lawan, ta tsaya, fuskarta dab da tasa, gilashi kaɗai a tsakani. Idonta ya yi fari-fari da yana. Shi yana ganin ta, ita kanta kawai take gani.

Ta ɗora tafin hannu a kan gilashin. Na ji numfashin Baffa Lawan ya tsaya. Ta karkata ƙwaryar, baƙin ruwa ya gangaro a gaban idonsa ya shige bakin ƙofa. Gari ya yi tsit har muna jin saukarsa a cikin ƙarfe. Sannan muka ji muryarta, ƙasa-ƙasa.

"Ya Allah, yarinyar da ke zama a nan, Sa'adatu, 'yar mutane ce. An ce min wani abu na firgita ta. Ga shi na ƙara a kan na da. Ka kawar mata da shi, ko mutum ne ko aljan. Ka tsare ta a hanya. Ka kawo min ita gidan nan da ƙafarta, in gan ta kafin idon nan ya ƙarasa rufewa."

Ta tofa, ta shafa gilashin kamar mai shafa kan jariri, ta juya. Baffa Lawan ya damƙe wuyan hannuna don kada in motsa. Muka zauna a haka har ƙofar langa-langa ta rufe. Na leƙa ta madubi na ga baƙin ruwan yana ɗiga daga gindin ƙofa yana shiga yashi. Gilashi bai motsa ba, fitila ba ta kama ba. Da na dubi dattijon sai na ga ya rufe fuska da hannun riga, na mayar da idona kan gero.

Muka fito muka zagaya ta gaba, muka yi sallama kamar yanzu muka iso. Nasiru ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, idonsa na tambayar mu. Baffa Lawan ya ce a yi mana iso mu gaida Inna, mahaifiyar Nasiru. Ta zo ta zauna a bayan labulen ƙofar zaure ta ciki, ƙafafunta kaɗai muke gani. Aka gaisa, aka tambayi damina. Baffa Lawan ya zungure ni.

Na ce, "Inna, ni ne mai gyaran motar. Na zo in roƙi arziki. Ƙofar nan ba ta son ruwa, ko da na albarka ne. Shi ne ke shiga wayoyinta take motsi ita kaɗai."

Ƙafafun suka ja baya suka shige ƙarƙashin zane.

Ta ce, "Ashe da mutane a ciki."

"Ki gafarce mu, Inna."

"Ashe ni ce na firgita 'yar mutane."

Baffa Lawan ya ce, "Hajiya, mu ne za mu nemi gafara. Abin da muka zata ba zan maimaita shi a zauren nan ba."

Akwai abin da ya tsaya min tun ranar da na kwance ƙofar, don na leƙa ta direba ma na same ta fes. Na kasa haƙuri na ce, "Inna, ta gefen direba fa? Ban ga ko ɗigo a cikinta ba."

Ta ce, "Wannan ai tun yana goye yake shan nasa a fura bai sani ba. Ita ce ba ni da hanyar da zan kai mata sai ƙofa."

Nasiru ya miƙe ya fita waje, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Baffa Lawan ya gyara murya ya ce, "To Hajiya, yanzu hanya ta samu. In akwai saura a ba ni in kai wa yarinyar da hannuna. Kuma a gaya wa iyayen yaro maza su zo mu tsayar da rana."

Ta ce, "Wace yarinya? Ni ban san wata yarinya ba." Muka ji tashinta, muka ji takunta ya yi cikin gida.

Muna sa takalma hannu ya ɓullo ta gefen labule ya ajiye wata 'yar gora a bakin ƙofa, an toshe bakinta da totuwar masara, an naɗe ta a sabon ɗankwali. Hannun ya koma.

Ni na tuƙa jar motar zuwa Gagarawa ran nan, don Nasiru ya ce shi ba zai iya ba, zai biyo mu a baya. Muna fita gari ruwa ya kece. Hanya ta yi duhu, walƙiya na tsaga gonaki, laima ta cika motar har gilashi ya yi gumi. Irin yanayin da ƙofar ke jira ke nan. Ina tuƙi kunnena na wajenta. Baffa Lawan ya jingina kafaɗarsa da ita, ya rungume gorar a cinya da hannu biyu, duk ramin da muka faɗa sai ya ɗaga ta sama kada ta zube. Har muka tsaya a ƙofar gidansu Sa'adatu gilashin bai motsa ba, sai da dattijon ya ja hannun ƙofar da kansa.